Injin Wanki da Butar Inna

A layinmu na bayan dutsen Uhudu a Madina, gidanmu ne na ƙarshe da injin wanki ya shiga. Ba talauci ba ne, kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina. Maigidana motar haya yake ja tsakanin Harami da filin jirgi, lokacin aikin hajji ko zama cin abinci ba ya samu. Muna da firji, muna da talabijin, muna da na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani kamar tsohon raƙumi. Abin da ya tsaya tsakanina da gassala, kamar yadda kowa ke kiran injin a nan, mace ce guda, gajeriya, mai baƙin carbi: uwar mijina. Inna muke ce mata, mu da jikokinta duka.

Da ƙafa Inna ta zo ƙasar nan. Tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa, suka yi ta ya da zango a Chadi da Sudan, a yi noma, a tara guzuri, a ƙara gaba, sai da ta zama budurwa kafin ta ga teku. Da suka zauna a Madina, wankau ta yi wa alhazai har ƙarfinta ya ƙare. Da kumfar sabulu ta raini ɗanta. Saboda haka in ana maganar wanki a gabanta, gara mutum ya kama bakinsa.

Ƙa'idarta guda ce, kuma ba ta lanƙwasuwa. Sabulu, in ji ta, datti yake fitarwa, ba ya fid da najasa. Najasa sai ruwa zalla ya ratsa tufa ya fita, ido yana gani. Ranar wanki takan ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bakin bahona da buta a gefe. In na cuɗa, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa, sai in ɗaga rigar sama, ita kuma ta yi bisimilla ta kwarara mata ruwan ƙarshe daga butar, ta sunkuya tana duban abin da ke zuba. In ya fito garau ta gyaɗa kai, in shanya. In ranta bai kwanta ba, a sake. Haka za mu bi kaya ɗaya bayan ɗaya, har safar yara.

Ta taɓa leƙa gidan wata maƙwabciya ta tarar an haɗa ƙyallen jariri da mayafin salla a cikin inji, suna ta zagaye a ruwa guda. Tun daga ranar ta yanke hukunci. Duk wanda ya kawo mata zancen gassala, amsarta ba ta wuce cewa ita ba za ta tsaya gaban Ubangiji da tufar da ta yi iyo da kashin yaro ba.

To ni kuma gidana ba ƙaramin gida ba ne. 'Yan mata uku masu rigunan makaranta, namiji guda mai komowa daga ƙwallo kamar an tono shi, sai 'yan biyu na ƙarshe, waɗanda suka haɗa baki ba sa bari zanin gado ya kwana a bushe. Ga fararen jallabiyoyin maigida, kullum sai ya canja, wai fasinja ba ya shiga motar direba mai dauɗa. In baƙi sun sauka daga gida lokacin hajji kuwa, ba a magana.

Kuma ba ni ke zaɓen ranar wanki ba. Ruwan famfo a unguwarmu ranakunsa yake zuwa. Ranar da aka ji bututu ya fara tari, ranar ce ta wanki, ko kana so ko ba ka so. Da zafi, ruwan tankin saman soro kan tafasa tun kafin azahar, sai na tara a bahuna na jira ya huce. Nakan fara da hantsi, in miƙe bayana ana kiran magariba.

Shekaru na yi a haka ban ce uffan ba. Abin da ya sa na fara cewa uffan, makaranta ce.

Na kusa arba'in na shiga ajin manya. Na gaji da riƙe kwalbar magani ina jiran yaro ya dawo ya gaya mini ko cokali nawa ne. Na gaji da dangwala yatsa a takardun makarantar 'ya'yana, malamai suna kau da kai don kada in ji kunya, wanda hakan ya fi ba ni kunyar. Bayan la'asar ake karatun, a makarantar da 'yan matana ke zama da safe. A kan 'yar kujerar yara nake zama, gwiwata tana dungurar teburi. Cikinmu akwai tsofaffin matan ƙauye masu zanen shuni a haɓa, akwai 'yan Bukhara, akwai mu. Malamarmu, da muke kira Abla kamar yadda yara ke yi, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Ranar da na rubuta harafin farko ba tare da ta riƙe mini hannu ba, na dawo gida na soya kaji biyu, ban gaya wa kowa dalili ba.

Amma bututu bai san da makaranta ba. Duk ranar da ruwa ya zo, kujerata a aji ba kowa. Ranar da na samu zuwa kuma, yatsuna sun tsattsage da sabulu da ruwan bilic, fensir yana zame mini. 'Yan ajin sun kai ga haɗa haruffa, ni ina can baya ina rikita masu ɗigo a sama da masu ɗigo a ƙasa.

Wata rana Abla ta tsayar da ni a bakin ƙofa bayan an tashi. Ba ta yi faɗa ba, ta ma dafa kafaɗata. Ta ce akwai mata da yawa da ke jiran wuri, kuma doka ba ta yarda a ajiye kujera ga wadda fashinta ya yi yawa ba.

"Ya khala," ta ce, wato gwaggo, "in kika ƙara irin wannan fashin kafin jarrabawa, ba ni da yadda zan yi. Za a ba wata."

Na ce mata na ji.

Da maigida ya shigo cin abinci na ajiye masa tire, na ajiye masa magana a gefen tiren. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma a gaban uwarsa ya fi ruwan randa sanyi. Ya ce shi kuɗin gassala ba ya damunsa, in na shawo kan Inna gobe ma sai ya kawo.

"Uwarka ce ko uwata?" na ce.

"Shi ya sa na ce ke. Ni in ta kalle ni mantawa nake da abin da na zo faɗa."

Na fara da neman shawara. Akwai wata 'yar Kano da muka saba a wurin suna, mijinta mai haɗa magani ne a asibiti, suna zaune a unguwar Aƙiƙ. Tana da irin injin nan na zamani mai ƙofar gilashi a gaba, wanda za ka zuba kaya, ka danna, ka tafi harkarka. Ta ce in kawo Inna ta gani da idonta, ai gani ya kori ji. Na shirya ziyara, na ce wa Inna za mu je gaida baƙi 'yan gida, ta kuwa saka turare.

Bayan an sha shayi, matar gidan ta ja mu kicin kamar ba da gangan ba. Ta zuba kaya, ta rufe, ta danna. Inna ta tsuguna gaban gilashin kamar mai kallon talabijin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ina ruwan yake. Aka nuna mata ɗan abin da ke lilo a ƙasa. Ta ce wannan ai ko kyanwa ba zai ishe ta wanke fuska ba. Matar ta yi dariya ta bayyana mata cewa injin yana zubarwa ya ɗebi sabo har sau da yawa. Inna ta ce ta ina yake zubarwa? Aka ce ta baya, cikin bango.

Sai ta zaro hankicinta daga ƙugu ta miƙa, ta ce a ƙara da wannan. Matar ta ce ai ƙofar ba ta buɗuwa sai ya gama.

"Ko ke mai shi ba ya buɗe miki?"

"Sai ya gama, Hajiya."

Inna ta mayar da hankicinta, ta miƙe, ta yaba labulen falo. A mota ne ta yi magana, kuma da gilashin taga take yi ba da mu ba. Ta ce duk wanda ya kulle ƙofa yana aiki, akwai abin da ba ya so a gani.

Gaskiyar Allah, ni ma ziyarar ta rage mini kwaɗayin mai gilashin. Da na keɓe da matar ta faɗa mini tsakani da Allah cewa yana son ruwa mai ƙarfi, irin namu mai zuwa yana tari zai riƙa tsayawa ne a tsakiyar aiki da kayanka a cikinsa. In ya lalace kuma, sai an jira mai gyara na musamman, kayan gyaransa da tsada. Ita gidansu ruwa ba ya yankewa. Kowa da irin gidansa.

Ana nan sai maigidana ya yi dabara irin ta maza. Bai shawarci kowa ba ya je kasuwar gwanjo ya kwaso wani tsohon inji, wai in Inna ta gan shi a gida an riga an saya, za ta haƙura. Ya shigo yana murmushi, yana cewa kusan kyauta aka ba shi. Na zagaya shi sau ɗaya na ga an shafe tsatsar gindinsa da farin fenti, har fentin bai gama bushewa ba. Na ce masa araha ba ta ado. Ya ce in tsaya in gani.

Gidajen Madina na lokacin wuta iri biyu gare su, akwai ramin ƙaramar wuta, akwai na babba, kuma in ba ka lura ba kamarsu ɗaya. Injin na ƙaramar wuta ne. Maigida ya cusa shi a na babba. Ya yi wani kuka guda, ya yi tsalle kaɗan, sai hayaƙi. Inna daga ɗakinta ta tambaya wa ya bar miya a wuta. Da ta fito ta ga ɗanta yana fifita hayaƙi da hularsa, ta dube shi, ta dubi injin, ta ce Allah ya tsare gaba, ai ko wutar ma ba ta yarda da shi ba. Saman soro aka kai shi, a ciki na riƙa ajiye albasa, kuma a wannan aikin bai taɓa ba ni kunya ba.

Ruwa ya sake zuwa ranar da Abla ta ce za a yi bitar jarrabawa. Na tashi tun asuba na kama wanki kamar mai faɗa da shi. Inna ta idar da walaha barci ya ɗauke ta a kan dadduma. Na leƙa na gan ta, na ce yau kam ba mai tsayar da ni. Na ɗauraye komai da kaina a ƙarƙashin famfo, ruwa yana gudu, wanda ko a wurin malamai ya wadatar. Na shanya. Kafin azahar igiyoyi sun cika.

Ina kwashe bahuna ta fito da kujerarta a hannu guda, buta cike a ɗayan. Ta tsaya ta dubi igiyoyin. Na gyara tsayuwa, na tanadi amsa, don na san yau sai an sauke kayan nan an sake. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta je gindin ɗan raihanin da muka shuka a gwangwani ta juye masa ruwan butar gaba ɗaya, ta koma ɗaki da kujerarta.

Na je aji ranar, kuma ba zan ce na yi da-na-sani ba. Amma ina bin layin Abla a allo, butar nan nake gani. Da na dawo babbar 'yata ta gaya mini da Larabci, don ita ko ka yi mata Hausa da Larabci take amsawa, cewa kakarta ba ta taɓa abincin rana ba.

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Tsarkin gaskiya ne, ba ta da wasa da salla. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Matar da ta ciyar da gida da wanki, yanzu ba ta iya ɗaga jiƙaƙƙen zani. Girki ni ke yi. Kasuwa ɗanta ke zuwa. Jikokin ma in ta yi musu tatsuniya da Hausa, rabi suke kamawa. Abin da ya rage mata a duk gidan, wanda in ba ta yi ba bai yiwu ba, shi ne ruwan ƙarshen nan. Ni kuwa ina ta neman injin da zai rufe ƙofa ya bar ta a waje.

Washegari na kai mata kunu na durƙusa na gaishe ta, na ƙi tashi.

"Inna, ɗanki bai iya sayayya ba. Kin ga abin da ya kwaso mana. In aka ƙyale shi wani zai sake kwasowa, wata rana ya ƙone mu. Ke kika san wanki a gidan nan. Ki zo ki zaɓa."

"Ni na ce a saya, uwar 'yan biyu?"

"Ba ki ce ba. Amma in za a yi ɓarna, gara a yi ta a gaban babba."

Ta kurɓi kunun, ta ce sukari ya yi yawa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wanda ya zauna da Inna ya san wannan e ce.

Ranar Alhamis da hantsi, ba makaranta, ta fito cikin abayarta tana jan wata jarka irin wadda ake zuba zamzam, cike da ruwan famfo. Ɗanta ya tambaya ta mece ce. Ta ce masa aikinsa tuƙi ne.

Shagon da muka shiga na wani dattijo ne ɗan Hadramaut, injuna jere kamar 'yan makaranta a layi. Ya taso da fara'a ya nufi maigida, maigida ya nuna masa Inna da haɓa. Larabcin Inna na tsohuwar kasuwar Madina ne, ya fi nawa kaifi nesa ba kusa ba. Mai shagon ya ja ta wajen masu ƙofar gilashi, ta wuce su ko kallo ba ta yi ba, kamar ta ga wanda suka yi faɗa.

Sai ta fara ƙwanƙwasa. A wurinmu ba a sayen tukunya ko randa sai babbar mace ta ƙwanƙwasa ta ji muryarta, in da tsaga a ɓoye kunne zai kama. Haka ta bi injunan nan ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa, ta kara kunne. Wannan ta ce gwangwani ne. Wancan ta ce cikinsa fanko, ƙarya ce ta yi masa yawa. Wani mai jikin ƙarfe har ƙasa ta tsuguna ta shafa gindinsa, ta ce a jiƙaƙƙen daɓe irin namu ba zai shekara biyu ba tsatsa ta ci ƙafarsa, ta ga ƙarshen bahunan ƙarfe da yawa. Mai shagon yana biye da ita yana cewa sadaƙti ya Hajja, wato kin yi gaskiya Hajiya, yana satar kallon maigida.

Ta tsaya a kan wani mai baho biyu, buɗaɗɗe ta sama, gindinsa na roba mai kauri. Ba shi ne mafi tsada ba, ba shi ne mafi araha ba, ba shi da wani ado. Baho guda na wanki, guda na matsewa. Ta ɗaga murfin farko ta leƙa, ta zura hannu har kafaɗa. Ta tambaya ko ana iya buɗe shi yana cikin aiki. Ya ce na wankin, ko a bar shi a buɗe ma. Ta tambaya wa ke zuba masa ruwa. Ya ce mai shi, da tiyo ko da bokiti, yadda ya ga dama, ko famfo ya ɗauke ba ruwansa.

Nan ni ma na shigo da nawa. Na tambayi ko yana ɗaukar bargo. Na tambayi in bel ɗinsa ya tsinke ina ake samu, ya ce kowane mai gyara a bakin titi yana da shi. Na ce in ya lalace a watannin farko fa, ya ce a dawo masa da shi, akwai takardar lamuni. Sai na ce a juya mini bayansa. Maigida ya ce me zan gani a can. Ban kula shi ba. Haruffa suna ba ni wuya har lokacin, amma lambobi na riga na kama su. Na sa yatsa a kan ɗan farantin da ke manne a baya na karanta da ƙarfi, biyu, biyu, sifili. Na babbar wuta ne. Na dubi maigidana, shi kuma ya ga wani abin sha'awa a silin.

Muna cikin wannan ba wanda ya lura Inna ta kwance murfin jarkarta. Ta buɗe bahon matsewa, ta jefa hankicinta a ciki, ta yi bisimilla, ta tuntsura jarkar. Kafin mai shagon ya buɗe baki ruwa ya bi tiyon da ke kwance a baya ya malalo tsakar shago, ya ratsa ƙarƙashin takalmansa ya nufi kwalaye. Mutumin ya yi ta ɗage ƙafa yana salati, yana kiran a kawo tsumma. Maigida ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe baki, ina danne dariya.

Inna ba ta ga kowa ba. Ta zagaya baya a hankali, ta sunkuya tana kallon bakin tiyon har ɗigon ƙarshe. Ta dawo ta leƙa cikin bahon, ba ruwa ko kaɗan, sai jiƙaƙƙen hankici.

"Ya shiga, ya ratsa, ya fita, bai komo ba," ta ce da Hausa. "Wannan inji yana da tarbiyya."

Mai shagon ya tambayi me ta ce, aka fassara masa. Ya dubi shagonsa, ya dubi tsohuwar, dariya ta ƙwace masa. Ya ce shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya yi wa gassala alwala kafin ya saya ba. Da aka zo ciniki Inna ta ce sai ya rage, tunda kayan ya riga ya jiƙe, ba sabo ba ne. Ya ce wa ya jiƙa shi? Ta ce wannan kuma ba shi ake tambaya ba. Ya rage.

A gida, kafin a cire kwali, ta kafa sharuɗɗanta. Kayan sallarta su ne farkon shiga, su kaɗai. Sannan fararen ɗanta, sannan na 'yan mata. Zannuwan 'yan biyu sai na fara zuba musu ruwa a waje, kuma su ne na ƙarshe. Duk abin da ya fito daga bahon wanki ya koma na matsewa, ba mai rufe murfi sai ta zuba ruwan ƙarshe da hannunta ta ga fitarsa. Na ce na yarda. Da ta ce in riƙa yi wa injin sallama ma, da na yarda.

Maɓallan ne suka so ba ta wuya, tunda ba ta karatu. Babbar 'yata ta ɗauko jan farce ta ɗiga alama a inda ake murɗawa a tsaya. Inna ta tsani jan farce, kullum tana faɗan yana hana alwala, amma ta ce a jikin inji ba laifi, shi ba ya salla.

Injin nan ya yi mana shekaru masu yawa. Bel kawai aka taɓa canja masa, sai murfin matsewa da ya tsage saboda ƙwanƙwasar da yake sha kowace safiya. Daga baya ta ajiye buta ta koma riƙe tiyo, ta ce ya fi ƙarfin ruwa. Maƙwabciyar nan mai haɗa ƙyallen jariri da mayafi har kiranta Inna ta yi ta zo ta ga yadda ake yi.

Amma ranar farko ita ce ba na mantawa. Bututu ya yi tari da safe, kuma saura kwana kaɗan jarrabawa. Muka fara. Inna a kan kujerarta, an ɗora mata matashi biyu don ta kai bakin bahon, buta a cinya. Injin yana juyi, tana kallonsa da ido irin wanda take yi wa sabuwar 'yar aiki. Kafin la'asar saura zubi ɗaya, na 'yan biyu. Na yi salla, na saka abaya, na ɗauki jakata, amma na kasa fita. Na tsaya a kanta ina gaya mata inda za ta murɗa in ya tsaya, da cewa babbar yarinyar za ta ɗaga mata kayan, kada ta ɗaga da kanta, da cewa ta kula da santsi.

Ba ta ɗago ba. Hannunta guda a kan murfi, ɗayan a kan buta.

"Uwar 'yan biyu, tun ba a haifi uwarki ba nake wanki. Tashi ki tafi bokonki, kin tare mini haske."

Na fita. Har na kai bakin layi ina jin ƙugin injin a bayana. Na isa kafin Abla, na zauna a 'yar kujerata, gwiwa tana dungurar teburi, na fiƙe fensir.